Kalmar da Malam Sada Ya Hana a Gidansa

Shekara tara ke nan da aka fita da Malam Sada daga gidansa na bayan Kusugu, maza suka dawo babu shi. Ɗan gwaggona ne, taubashina, wanda tun muna yara ban taɓa ɗaga masa ƙafa ba, shi ma bai taɓa ɗaga mini ba. Duk shekara in watan rasuwarsa ya kama, sadaka nake yi in yi shiru. Bana kuwa shirun ya gagare ni, domin akwai abin da na gani a ɗakin matarsa wanda ya tsaya mini a rai.

Wanda bai san shi ba, malamin Turanci ne. Ya koyar a nan Daura, ya koyar a Baure, aka taɓa jefa shi Mashi ya yi shekaru, har gashin kansa ya koma launin allin da yake riƙewa. Ni aikin asibiti na yi, Turancina na allura da magani ne, shi ya sa yake ce mini mai Turancin kwalba. Ni kuma in ce masa Baturen da ba ya iya kwana sai ya sha fura. Halinsa a aji shi ne, ba ya sakin kalma sai ya juya ta ciki da bai. Ya rubuta ta a allo, ya jero ma'anoninta, ya kawo 'yan'uwanta na Turanci, sannan ya ce wa yara su nemo mata dangi a Hausa. Yakan ce wanda bai san dangin kalma ba, bai san kalmar ba.

A duk kalmomin da ya koyar, akwai guda da yake koyarwa a makaranta amma ya hana ta shiga gidansa. Ita ce bizi, wannan da yau ko mai tallan gyaɗa ya iya ta. Na sha jin bayaninsa a kanta har na haddace. Ya ce Bature yana faɗinta ga mutumin da hannunsa ke kan aiki, yana faɗinta ga hanyar da motoci suka cika, ga kasuwa ranar cinta, ga layin waya in wani ya riga ka hawa. Duk wannan babu laifi. Danginta a Hausa kuwa suna da yawa: ina da aiki, ina cikin hidima, sha'ani ya sha kaina, ba ni da sukuni, ina da uzuri. Abin da ya dame shi shi ne, duk wanda ka faɗa a cikin namu, za a tambaye ka, kuma dole ka amsa. In ka ce hidima, a ce ta suna ko ta biki? In ka ce uzuri, sai ka faɗe shi, sannan ka tura wakili ya tsaya a madadinka. Ita kuwa bizi ba ta faɗin komai, ba ta tura kowa, kuma mai jin ta yana jin nauyin ya ƙara tambaya.

Saboda haka duk ɗan da ya kuskura ya furta ta a tsakar gidansa, tambaya ɗaya Malam yake yi masa, murya ƙasa ƙasa: "Aikin me?" In akwai aikin, ya sa maka albarka. In babu, ka tashi ka je inda aka aike ka. Na taɓa gwada shi da gangan, ya aiko in zo in duba jikin wata maƙwabciyarsu na ce a gaya masa ina bizi. Sai ga shi da kansa a kan tsohon babur ɗinsa, ya tsaya a zaure yana cewa a fito masa da aikin ya gani. A lokacin dariya na yi ta yi, na ɗauka tsabar neman magana ce irin ta taubasai.

Yanzu ba na dariya. Matarsa, Yaya Hanne, tana nan a gidan ita da wata jika da ke taya ta kwana. Idanunta suna tafiya. Ni na raka ta wajen likitan ido, kuma na yi aikin asibiti isasshe da zan gane abin da likita yake nufi in ya ce a ci gaba da ɗiga magani a yi ta addu'a. Na hagu ya riga ya rufe. Na dama saura ɗan haske, tana gane mutum in ya matso kusa da fuskarta, kuma wannan ma ba mai daɗewa ba ne. Ba ta roƙi Makka ba, ba ta roƙi asibitin waje ba. Abin da take so shi ne ta ga fuskar ɗanta na fari, Kabiru, kafin hasken ya ƙare. Rabonsa da Daura, sallah huɗu ke nan.

Kada a ce na yi masa ƙazafi. Kabiru ba ɗan banza ba ne. Yana aiki a Abuja, aike ba ya yankewa, magani ba ya ƙarewa a ɗakin, kuma kowa ya san yadda hanya ta zama abin tsoro a shekarun nan. Da cewa ya yi yana tsoron hanya, da mun gane, mu ma muna tsoronta. Da cewa ya yi ofis ya hana shi hutu, da mun sa shi a addu'a. Amma duk lokacin da na kira na ce yaushe za ka zo, amsar ɗaya ce: "Gwaggo, wallahi ina bizi." Sai in ji bakina ya mutu, yadda ubansa ya ce zai faru.

Abin da yaran yanzu ba sa ganewa shi ne, uwarsa ba za ta taɓa kiransa ta ce zo ba. Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa ambaton sunansa ba, sai dai ta ce yaron nan. Ba ta taɓa nuna ɗokinsa a gaban mutane ba, ko ranar da ya dawo daga hidimar ƙasa tashi ta yi ta shige madafa. Haka aka yi mana tarbiyya, kunya ce, ba rashin so ba. Da Malam yana raye, shi ne bakinta. Yana ganin ta fara yawan share ɗakin baƙi ya san abin da ke ranta, sai ya ɗauki waya. Da ya tafi, ya tafi da bakin. Ita kunyar ta zauna inda take, shi kuma yaron ya ɗauki shirun uwa a matsayin lafiya lau.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya leƙo ya ga Daura ta yau. Kowa da waya a hannu, amma zaure babu kowa. A yi rasuwa, a turo hoton hannu biyu a sama, an yi ta'aziyya ke nan. Shi da yake hawa babur ran Juma'a ya tafi Baure gaida wata tsohuwa da ta goye shi, yana cewa zumunta a ƙafa take, har ƙafar ta gaza. Ina jin ba faɗa zai yi ba, ba halinsa ba ne. Zai dai bi mu ɗaya ɗaya da tambayar nan tasa, kuma da yawanmu ba mu da amsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya Hanne da ba ta taɓa zama a aji ba, ita ma ta koyi kalmar. Da ita take rufa wa ɗanta asiri. Maƙwabta in sun shigo dubiya suka ce har yanzu bai zo ba, sai ta gyara mayafi ta ce, "Ai yaron nan bizi yake." A gidan da aka hana kalmar, a bakin matar mai gidan.

Makon da ya wuce ina zaune a bakin gadonta da hantsi ina ɗiga mata magani, wayata ta yi ƙara. Kabiru ne, ya ce in ba shi Inna su gaisa. Na miƙa mata. Ba ta karɓa ba. Ta daɗe tana kallon wajen ƙofa da idon nan guda, sannan ta ce, "Ki ce masa ina bizi." Ta juya fuskarta bango.

Wanda ya san uwar Bahaushe ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce, fushin da aka haɗiye shekaru ne ya sami ƙofa. Na so in gyara, in ce barci take yi. Amma na tuna taubashina, na faɗa masa yadda ta faɗa, ban rage ko harafi ba. Can na ji muryarsa, ƙasa ƙasa, sak ta ubansa: "Gwaggo, aikin me take yi?"

Na ce, "Jiranka take yi, Kabiru, kuma idon da take jiran da shi ya kusa ƙarewa." Ban taɓa gaya masa ƙarara haka ba, domin ita ta hana. Sai ya kashe wayar.

Malam Sada bai bar gonaki ba, littattafansa gara ta cinye rabi, babur ɗin ma an sayar. Na daɗe ina cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Amma ranar na ji da kunnena cewa tambayar tana nan a bakin ɗansa, ba ta mutu ba, kuma wanda ya iya yi wa wani ita zai iya yi wa kansa. Ko za ta isa ta ɗora shi a mota, ban sani ba. Har zuwa yau da nake wannan rubutu bai kira ba, bai zo ba.

Allah ya jiƙanka, Baturen fura, ya sa haske a kabarinka. Jiya na je gidanka na tarar Yaya Hanne ta sa jika ta share ɗakin baƙi, ta kuma sa an mayar da tabarmarta kusa da ƙofa, inda haske ya fi yawa.