Tayoyin Ƙasar Ƙanƙara a Hanyar Shagari

Har yanzu in wani ya bugo ƙyauren gidanmu da ƙarfi sai na zabura. Inna ta ce zai wuce. Bai wuce ba tukuna, shi ya sa nake son in rubuta abin yadda ya faru, ko na samu ya sauka daga ƙirjina.

Babanmu ma'aikacin lafiya ne. A Bodinga muke zaune, amma wurin aikinsa yana can ƙasar Shagari, wani ɗan ƙaramin asibiti wajen Dandin Mahe. Mutanen can Likita suke ce masa, duk da ya sha gaya musu shi ba likita ba ne. Yana da wata tsohuwar mota da yake ji da ita ƙwarai. Da na gama sakandare ban samu wucewa gaba nan da nan ba, sai ya riƙa tafiya da ni ranakun awon jarirai, ina riƙe wa mata goyo, ina jera su a layi.

Da rani hanyar ba ta da laifi. Damina ce matsala. Da an sauka daga kwalta an kama hanyar ƙasa, sai laka, irin mai kama ƙafa ta cire maka takalmi. Sau da yawa motar Baba ta kafe, ya naɗe wando ya fito, a nemo masu turi daga gona, ya isa asibiti mata sun gaji da jira wasu sun koma gida. Wannan abu yana ci masa rai. Don haka gab da daminar bara ya je wurin wani mai sayar da tayoyin gwanjo kusa da tasha, ya sayo guda huɗu lokaci ɗaya. Ban taɓa ganin taya mai zurfin zane irin nasu ba. Yatsana yana nutsewa a ciki, ga wasu ƙananan tsage-tsage kamar an yi musu da reza.

Kuma sun yi aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Duk daminar nan motar ba ta kafe ko sau ɗaya ba. Mun taɓa wuce wata a-kori-kura da ta nutse wajen Horo Birni, mutanenta na tsaye cikin caɓi suna kallonmu, Baba ya ɗaga musu hannu kamar wani gwamna. In ya tsaya a ƙauye maza kan zagaye motar suna latsa tayoyin suna tambayar inda ya samo.

Damina ta wuce, kaka ta wuce, sanyi ya zo ya tafi. Sai bazara.

Ranar da abin ya faru mun taso daga asibiti bayan azahar, lokacin da ko akuya ba ta yarda ta bar inuwa. Wani manomi da Baba ya yi wa matarsa magani ya cika mana but, wurin kaya na bayan mota, da buhunan albasa, har da ɗaya a kujerar baya. Mun hau kwalta, mun bar Shagari a baya. Daga nesa titin yana ƙyalli kamar an zuba masa ruwa. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu take. Ina gaba kusa da Baba, na jingina kai ina gyangyaɗi.

Ƙarar da na ji, na ɗauka harbinmu aka yi. Sai bayan motar ya fara wutsil-wutsil, ya yi hagu, ya yi dama, buhun albasar ya daki bayan kujerata. Na ɗaga ido, ga tirela tana tahowa, ta cika gilas ɗin gaba ɗaya, har ina ganin direban ya buɗe baki. Baba yana ta "Innalillahi, innalillahi," hannuwansa biyu a kan sitiyari, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Ban san yadda muka kauce ba. Na dai ji iskar tirelar ta jijjiga mu, sannan muka gangara gefen titi, muka faɗa wata busasshiyar gona, karare na karyewa a ƙarƙashinmu, har wani kurmin sabara ya tare mu.

Shiru. Sai ƙarar albasa tana gangarowa daga but ɗin da ya ɓalle, ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya juyo ya kama kaina da hannu biyu yana dubawa. "Ɗiyata, yi magana. Ke, yi magana mana!" Na buɗe baki, jini ya zubo, ashe harshena na ciza. Da muka fito na ga tayar baya ta hagu. Ba huda ba ce. Ta yage ne gaba ɗaya, wayoyin cikinta sun yi cirko-cirko, tana warin ƙonannen roba. Wasu makiyaya suka zo suka taimaka aka turo motar, aka ɗaura tayar safaya, suka tsince mana albasar. Har muka iso Bodinga hannuna yana kan marfin ƙofa.

A gida Baba ya ce wa Inna taya ce ta yi faci a hanya. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni kuwa na ture tuwona gefe. Duk sanda na leƙa ƙofar gida sai idona ya sauka a kan sauran tayoyin nan uku, irinsu ɗaya da wadda ta fashe, wuri ɗaya aka sayo su, rana ɗaya. Abin da ke raina ɗaya ne: Baba zai sake hawa hanyar nan a kansu, kuma ba kullum tirela ke ba da wuri ba.

Ranar Asabar da hantsi ya ce in sa hijabi in raka shi wurin mai taya. Na ce kaina ke ciwo. Ya ce, "In kin ƙi shiga yanzu, ba ki ƙara shiga mota har ki tsuhwa. Taho, nan da tasha ne." Na shiga baya, na rufe ido har muka isa.

Mai tayar mutum ne mai fara'a, ƙato, da tsumma a kafaɗa. Yana ganin yagaggiyar tayar ya riƙe baki.

"Subhanallahi! Likita, kura ta ci ta?"

"Kurar hanyar Shagari," in ji Baba. "Kana da 'yar'uwarta?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya." Ya shiga rumfa ya gangaro da wata, ya buga mata tafi. Ya ga ina leƙe daga bayan Baba, sai ya ce, "Matso, 'yar Likita, ke da kin yi boko. Kin ga wanga hoto?" Ya goge gefen tayar da tsumma. Wani ɗan zane ne na tsauni, da wani abu kamar tauraro a cikinsa. "Dusar ƙanƙara ke nan. Can ƙasar Turawa anka yi ta don ƙanƙara. To tayar da ta taka ƙanƙara ba ta zame ba, mi lakar Dandin Mahe za ta yi mata?"

Ya yi dariya, Baba ma ya yi murmushi. Ni kuwa na matso kusa da tayar. Na tsuguna na danna babban yatsana a kan zanen. Duk da daga rumfa aka fito da ita, zafi ya sa robar ta yi laushi, tana lotsawa kamar ƙullun alkaki. Na tuna abin da kowa ya sani a gidanmu, cewa man shanu da sanyi dutse ne, da bazara ruwa.

Ban saba sa baki in manya na magana ba. Amma na ji muryata ta fita.

"To zafi fa? In don sanyi aka yi ta, zafi fa?"

"Kai, Likita, wagga lauya za ka yi da ita," in ji mai taya. "Hajiya ƙarama, taya taya ce. Tsautsayi ne, ko ƙusa kunka taka, ko kaya sun yi yawa."

Akwai wani dattijo zaune a kan benci yana jiran a yi wa tayar kekensa faci, tsohon direban haya ne, abokin wasan Baba. Ya ce, "Ni dai ban san hoto ba. Amma irin wagga mai laushi, in bazara ta kama, sai mun tsaya Shagari mun watsa mata ruwa kamar doki. Wani ya ce yana da amfani, wani ya ce shi ke kashe ta. Ni na bar sa ta."

"Kai da ka bar komi," in ji Baba. "Har tuƙin ka bari."

"Shi ya sa nike da rai, ɗan nema."

Aka yi dariya. Baba ya sake duban tayar. Sannan ya ce, ba da ni yake ba, da mai tayar yake, "Hadari ya hwara haɗuwa gabas. Mai naƙuda ba ta jiran hanya ta bushe. Ɗaura ta."

Gaskiya ya faɗa, shi ne abin da ya fi tsorata ni. Na san matan nan, na riƙe 'ya'yansu.

Aka ɗaura, aka ba ta iska, mai tayar ya shure ta da ƙafa ya ce ta yi. Baba ya shiga ya tayar da mota, ya miƙo hannu ya buɗe mini ƙofa.

"Shiga mu tahi."

Ƙafafuna suka ƙi. Wallahi ba shiryawa na yi ba. Ina tsaye cikin rana, ina jin ƙarar nan a kunnena, ina ganin bakin direban tirela a buɗe.

"Ke, ba ki ji ba?"

"Baba, ka yi haƙuri. Ba ni shiga."

Wani mai faci da ke aiki a gefe ya daina bugun da yake yi. Dattijon ya sunkuyar da kai. Tun da aka haife ni ban taɓa ce wa Baba a'a ba, balle a gaban mutane, a bakin tasha. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya kashe motar ya fito ya tsaya a gabana.

"Kunya za ki ba ni cikin kasuwa?"

"Ka buge ni in ka so, Baba. Amma kai ma kada ka shiga. Ka ce wa Inna faci ne. Ba faci ba ne. Na ga tirelar nan, na ga..." Sai kuka ya ƙwace mini, irin mai sheshsheƙa, mai muni, wanda ba a yi a waje.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Can sai na ji Baba ya ce wa mai taya, murya ƙasa-ƙasa, "Kana da sabbi? Ba gwanjo ba. Irin na ƙasar zahi."

"Sai an aiko daga Sakkwato, Likita. Kuma ka san zanensu bai kai wanga ba, laka za ta..."

"Na sani. Kwance su duka huɗun. Ka ɗora motar bisa duwatsu, ta jira albashin ƙarshen wata."

Ya zare makullinsa ya kama hanyar gida da ƙafa, bai waiwaye ni ba. Na bi shi a baya nesa-nesa. Kwanaki ya yi in na gaishe shi sai ya amsa da ka. Inna ta tsare ni a madafa sai da na gaya mata komai, ta zauna a kan turmi ta daɗe ba ta tashi ba.

Na ɗauka hankalina zai kwanta. Ina! Tunda ba mota, Baba ya koma shiga bas ɗin haya zuwa Shagari, daga nan ya hau babur. Wata safiya ya manta kwanon abincinsa, Inna ta ce in bi shi da shi tasha. Na same shi ya riga ya zauna a kujerar baya, jikin taga. Ina miƙa masa kwanon idona ya sauka a kan tayar da ke daidai ƙarƙashinsa. Ta suɗe tas, sumul kamar tafin hannu, har zare ya fara leƙowa a gefe. Ya ga inda nake kallo. Muka haɗa ido. Ni na jawo, kuma ba ni da bakin da zan sake cewa a'a. Bas ɗin ya tashi, na tsaya a wurin har ya ɓace. Ranar nan ban iya yin komai ba sai da na ji sallamarsa a zaure.

Da wata ya ƙare aka kawo sabbin tayoyin. Ba su da wani kyan gani, zanensu madaidaici, robar da tauri. Baba ya sa aka ajiye masu laushin nan a rumfar mai taya, ya ce in ruwa ya zauna sosai, ƙasa ta yi sanyi, zai duba ko ya mayar da su don hanyar laka, in zafi ya dawo a sake cirewa. Har yau ban san ko daidai ne ba.

Ranar awo ta zagayo. Bai kira ni ba, ni na sa hijabi na fito na same shi yana goge gilas. Na shiga baya. Muka fita Bodinga, muka hau hanyar Shagari, yana tafiya a hankali har babura na wuce mu. Da muka kusa gonar nan na gane kurmin sabarar tun daga nesa.

"Baba, don Allah tsaya."

Ya gangara gefe ya tsaya, bai tambaye ni dalili ba. Na fita na zagaya motar, na dafa tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wata tirela ta wuce, ƙasa ta girgiza, na runtse ido na riƙe marfin but har ƙararta ta yi nisa.

"Da zahi?" in ji Baba ta taga.

"Da zafi, Baba."

"To. Mata na can na jira."

Na buɗe ƙofa na shiga, muka ci gaba.