Shimfiɗar Ɗakin Jirgin Baba

Shekarun baya, ina sabon kama aiki a wani otal a unguwar Jarwal ta birni mai tsarki, aka ɗora mini wani nauyi da ban san kansa ba. Wai in nemo abin da za a shimfiɗa a ƙasan ɗakin jirgin ruwa. Ni da aka haifa a unguwar Utaibiyya, tsakanin duwatsu, ko iyo ban iya ba, in na hau jirgi kuma amai ne ke fara yi mini maraba.

Jirgin na mahaifina ne da amininsa, wani dattijo mutumin bakin teku da muke kira Ammi. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas ɗin alhazai daga tashar Kudai. Da ya ajiye aiki sai suka haɗa ɗan abin da suke da shi suka sayi wani tsohon ƙaramin jirgi mai shira'i, irin wanda iska ke turawa, suka ɗaure shi a wata gaɓa kudu da Jidda. Duk ƙarshen mako can suke. Baba yakan ce ya gaji da ƙarar inji, yanzu abin hawan da ba ya magana yake so.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Allah Ya taƙaita, baki ya dawo, hannu ya dawo, amma ƙafar hagu ta rage yana janta. Ya koma zaman falo. Mutumin da ba a raba shi da surutu ya zama sai an tambaye shi yake amsawa.

Wata rana Ammi ya zo duba shi, ya ce likita ai bai hana shi teku ba, faɗuwa kawai ya hana. Matsalar ita ce ɗan ɗakin da ke cikin jirgin, inda ake sauka a huta a yi salla. Tsohon kafet ɗin ciki ya ruɓe, Ammi ya ɓamɓare shi, ƙasan ya rage sumul kamar faranti, ga shi kullum da jiƙaƙƙiyar ƙafa ake shiga.

"A samo shimfiɗar da ba ta santsi, ni zan ɗauke shi da kaina," in ji Ammi. Ya dube ni. "Ya waladi, ɗana, wannan aikinka ne. Amma ka sani, mu biyun nan tsofaffi ne masu cin fansho, kada ka kwaso mana abin sarakuna."

Mahaifiyata, Umma, tana bakin ƙofa da tiren shayi. Ta ajiye ta ce, "Ba inda za shi." Ta juya ta shige. Na ga yadda Baba ya bi Ammi da ido har ya fita.

Na fara da shagunan unguwarmu. Mai kafet na farko ya tambaye ni, masallaci ne ko majalisi? Na ce jirgin ruwa. Ya leƙa titi hagu da dama ya ce, "A ina ka faka shi?" Ya yi dariyarsa ya ƙoshi, sannan ya yanko mini ƙyallen mokit, kafet ɗin nan mai araha da ake malale ɗaki da shi. Wani ya ba ni guntun mushamma, ledar ɗaki ke nan, mai zanen katako. Ranar hutuna na tafi Jidda shagon kayan jiragen ruwa, aka nuna mini wata shimfiɗa mai taushi da ake mannawa da gam, kyakkyawa ƙwarai. Da mai shagon ya faɗi kuɗinta sai na shafa ta sau ɗaya na yi masa godiya na fito.

Da yake ban san komai a kan jirgi ba, sai na ce bari ƙafar da za ta taka ta zaɓa. Bayan la'asar na hau da guntayen saman soro, na jera su, na kwara musu ruwa da buta, na riƙo Baba muka hau a hankali. Ya dafa kafaɗata ya ɗora ƙafar hagu a kan mushamma. Kafin ya sake nauyinsa ƙafar ta tafi, sai da na rungume shi.

"Cire wannan," ya ce a hankali.

Mokit bai zame ba, har na fara murna. Baba ya ce in jiƙa shi da ruwan gishiri in kife masa roba, tunda ɗakin jirgi a rufe yake wuni a rana. Bayan 'yan kwanaki na ɗaga robar, warin da ya bugo ni ya isa amsa. Na gwada darduma, ta tattare a ƙarƙashin ƙafar da yake ja. Na gwada tabarmar kaba, ita ma haka.

Duk wannan abin Umma tana gani. Takan hau shanya ta wuce mu kamar ba ta san me muke yi ba. Ni kuwa a raina na ɗauka daɗi take ji duk sanda wani abu ya faɗi jarrabawa.

Ranar da na ƙare dabarata, muna zaune a soron, Baba ya ce, "Halas, shi ke nan, bar shi. Ka sha wahala. Ka gaya wa Amminka ya nemi mai sayen rabona." Ya faɗe shi ba tare da fushi ba, kuma wannan ya fi damuna.

Umma tana cire kaya daga igiya. Ta tsaya, ta sauka ƙasa, sai ga ta ta dawo tana jan wata tabarmar roba mai huji-huji, irin wadda ake shimfiɗawa a wurin alwala na masallatai. Ta jefa ta gabanmu, ta karɓi butar daga hannuna ta juye ruwan duka a kai. Ruwan ya bi hujojin ya wuce.

"Alhaji, taka."

Ya taka. Ya sake nauyinsa, ya ja ƙafar gaba, ya dawo da ita. Ko motsi.

"Tun ranar da aka sallamo ka daga asibiti a kanta kake alwala," ta ce. "Ni na sa ta a banɗaki. Ɗanka kuma yana ta yawon Jidda."

Na ce, "Umma, ashe kin yarda ke nan?"

Ta ce, "Wa ya ce maka? Je ka sayo, a shagon kayan famfo ake auna ta da mita. Kuma kada ka yanka, ba ka iya ba."

Araharta har ta ba ni kunya. Kala ɗaya na samu, wani kore shar mai kashe ido. Ranar da za a kai, Umma ta sako abayarta ta ɗauko babban almakashinta na ɗinki da tsofaffin kwalaye ta shiga mota. Ba ta taɓa ganin jirgin ba sai ranar. Ta sauka cikin ɗakin tana bismilla, ta shimfiɗa kwalayen ta fitar da surar ƙasan, kowane lungu da kowace kusurwa, yadda take fitar da riga. Ta yanka tabarmar gida-gida don a iya ɗagawa a wanke a shanya, ta bar wa murfin da ake buɗewa a duba ruwa nasa yankin daban. Ta matse gefunan sosai yadda ba inda yatsa zai sarƙe.

Ammi ya leƙo ya ce, "La haula! Hajiya, kin mai da mini jirgi wurin alwala."

Ta ce, "Sai ka riƙa shiga da ƙafar dama."

Aka kama Baba aka saukar da shi. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin, jirgin yana ɗan rangaji, ya ce in sake shi. Na sake shi. Ya taka zuwa benci da kansa ya zauna, ya shiga yi wa Ammi faɗa a kan yadda ya bar igiyoyi a yamutse. Rabon da in ji faɗansa tun kafin ciwon. Suka fita teku, ni da Umma muka zauna a inuwar mota. Carbi take ja, idonta a kan farin shira'in har suka dawo.

Ya yi 'yan shekaru yana zuwa kafin ƙarfi ya ƙare gaba ɗaya su sayar da jirgin. Bai taɓa faɗuwa a ciki ba. Yanzu yana gida, kuma duk baƙon da ya zauna sai ya sha labarin teku.

Da daɗewa bayan haka na tambayi Umma abin da ya sauya mata ra'ayi. Ta ce ba abin da ya sauya. Duk fitar da ya yi, a tsorace take har ya dawo. "Amma na ga zaman falon nan yana cinye shi a gabana. Tsoron nawa ne, ni zan ɗauke shi. Ba shi zan ɗora wa ba."

A da ina ganin in mutum bai goyi bayan abu ba, to ko dai ya hana ko ya janye hannunsa. Ban san akwai mai cewa a'a da gaske, ya kuma durƙusa ya gyara maka hanya don kada ka ji ciwo ba. Yanzu da nawa 'ya'yan suka fara zaɓar abubuwan da ba na so, nakan ji a'a ta taso mini, wani lokaci in faɗe ta. Daga nan sai in tambayi kaina, to bayan a'ar, me zan iya yi musu?