Firiza Goma Sha Ɗaya da Seidu Bai Rubuta Ba

Seidu ya shekara arba'in da biyu yana gyaran wuta a Maamobi. Ya fara tun zamanin da gida ɗaya tak ke da talabijin a layinsu, jama'a na taruwa a tsakar gidan kamar ranar suna. Wayar da ya ja ba ta taɓa ƙona ɗakin kowa ba, kuma maganarsa ba a sake auna ta. Da wannan sunan yake cin abinci.

Bara wata ƙungiya ta zo kafa sola a rufin Islamiyyar unguwa, domin gidaje ashirin da shida su samu wuta idan ta gwamnati ta ɗauke, a kuma yi wurin cajin babura masu batir. Injiniyarsu, Sherifa, 'yar unguwar Kanda, ta ba Seidu takarda ya bi gida-gida ya rubuta duk abin da ke cin wuta, don da ita za a san girman batir da kaurin waya.

A unguwar Zango irin tasu namiji ba ya kutsawa ɗakin matar wani. Seidu yakan tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama ya tambaya. Matan kuwa sun ɗauka takardar hannun masu yanke wuta za ta faɗa. Husseina mai sayar da ƙanƙara ta amsa daga bayan labule: "Baba Seidu, ƙwan fitila ɗaya da fanka, shi ke nan." Firizarta na gurnani a kunnensa, shi ne ma ya gyara ta da azumi. Ya rubuta ƙwai ɗaya da fanka. Haka ya tsallake firiza goma sha ɗaya da hitar ruwan wanka bakwai, yana ganin asirin maƙwabta yake rufawa.

Ranar gwaji, bayan la'asar, liman da dattawa suka taru. Aka kunna. Minti shida, na'urar sola ta yi ƙara ta mutu.

Shugaban ƙungiyar ya hau Sherifa da faɗa a gaban kowa. Ta juyo da takardar a hannu.

"Baba, abin da layin nan ke ja ya ninka wannan sau uku. A ina na kuskure?"

Seidu ya dubi takalmansa.

"Ba ke ba ce, 'yata. Na san da firizojin. Ban rubuta ba."

Sai Husseina daga cikin mata ta ce, "Kai ma Baba, wa ya ce ka yarda da ni? Ba ka ji firizar tana kuka ba?"

Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Batirin ba zai ɗauki kowa ba, dole aka cire gidaje tara daga shirin. Seidu ya ce a fara da nasa. Har yau idan Sherifa ta zo duba na'urar takan aika a gaishe shi, shi kuwa sai ya ce a ce mata ya fita.