Akwatin da Ke Tambayar Masu Saurare

Ina shanya wanki Baffa ya yi sallama, ya tsaya a bakin zaure bai ƙaraso ba. Ya ce mota ta buge Yaya a kan babur a hanyar Kiyawa, kuma rai ya yi halinsa kafin a isa Dutse.

Da aka share makoki, dangi suka tattara kayansa suka kulle a ɗaki sai ranar rabon gado, kamar yadda aka saba. Har da rauta, wani ɗan akwati mai fitilu da ke kan tagarsa.

Yaya ne ya ja waya daga masallacin unguwa zuwa gidajen da ke da tsofaffi, don su ji tafsiri daga ɗakunansu. Azumi ya kama, na kunna wa Inna lasifikarta. Karatu ya fara, can ya yanke. In an kashe an kunna ya dawo, ya sake yankewa. Inna ta daɗe ba ta iya takawa. Sai ta juya fuskarta bango.

Sai na tuna abin da Yaya ya faɗa mini wata rana yana cin tuwo. "Sau ɗaya karatun ke fitowa, a raba wa layukan da ke so. Rauta ce ke tambaya lokaci-lokaci, wa ke saurare har yanzu? Na'urar kowane gida ta amsa. Layin da ya yi shiru, a ɗauka mutanensa sun tashi, a daina aika musu."

Ashe mai tambayar muka kulle.

Na sami Baffa na durƙusa.

"Kayan marayu ne," ya ce. "Kuma ke da ko ƙwan fitila sai an canja miki?"

"Aro nake nema, Baffa, ba rabo ba. A tambayi uwarsu."

Matar Yaya tana cikin takaba. Daga bayan labule ta ce a ba ni. Baffa ya buɗe ɗakin da kansa, ya tsaya a waje.

Na ɗauko rautar na jona ta da wuta, na bi ramukan bayanta ɗaya bayan ɗaya har na dace da wanda wayar ke shiga. Ranar karatu bai yanke ba har aka shafa addu'a.

Akwai gida a ƙarshen layinmu, na wata tsohuwa makauniya, da Yaya ya fara ja wa waya bai ƙarasa ba. Naɗin wayar yana nan rataye a katangarmu. Ban iya haɗa kan waya ba tukuna, ina koyo.