Albasata a ɗakin mai haya

Ni ne ba ni da gaskiya a wannan magana, gara in faɗa tun daga farko. Yanzu dai dariya nake yi wa kaina in na tuna.

Shekarun baya, albasa ta yi mini kyau, sai na gina ɗan gida mai ɗaki uku a Bodinga. Ni kuwa ina zaune a Shagari cikin gidan mahaifina, sashena daban, na mahaifiyata daban. Na ba wani malamin asibiti haya, mutum mai sanyin hali, da matarsa da jaririnsu. Ranar da na miƙa masa makullai na riƙe guda a aljihu. A tunanina wurin kwana kawai na ba shi, gida nawa ne, in shiga sa'ad da na ga dama.

Da aka cire albasa, rumfar ajiyata ta cika. Sai na tuna ɗakinsu na uku ba kowa ciki sai keken ɗinkin matar. Ban tambayi kowa ba, na yi lodin mota, na buɗe ƙofa da hantsi mijin yana wurin aiki. Matar ta ruga neman mayafi, mu kuwa muka jibge buhuna. Ko yaro ya san albasa iska take so, amma ni manomi guda na rufe ta a ɗakin kwano cikin zafin bazara. Kuma ina zuwa tsince ruɓaɓɓu ba sanarwa, sallamata gyaran murya ce kawai.

Malam ya same ni cikin ladabi. Ya ce wari da ƙuda sun hana jaririn barci, iyalinsa kuma ba ta iya sakewa a tsakar gida don ba ta san lokacin da zan faɗo ba. Na ce in bai iya ba, ya tashi kafin Juma'a. Wani abokina da ke aiki a kotu ya yi mini dariya da na ba shi labari. Ya ce wanda ya kama haya shi ke da ikon ƙofa har wa'adinsa ya cika, ba a korarsa sai da sanarwa, kuma in aka je gaban alƙali ni zan sha kunya. Na ce boko ne ke damunsa.

Na kai ƙara wurin mahaifiyata. Ta saurara, ta ce to. Washegari na dawo daga gona, tun daga zaure hancina ya gaya mini akwai labari. Tukwanen daddawarta ne jere kusa da gadona, an lulluɓe su da tsumma. Matata tana waje ta toshe hanci tana ƙunshe dariya.

Na ce, "Inna, mi na wanga?"

Ta ce, "Gidanga ni da ubanka munka gina shi. Ɗakinka ya hi ɗumi, nan za ta nuna da sauri. In ba ka iyawa, ka tashi kahin Juma'a."

A waje na kwana ranar.

Tun daga nan ba na riƙe makullin mai haya. Ina kira kafin in zo, in tsaya a ƙofa kamar kowane baƙo, rufi da rijiya kuma ni ke gyarawa kafin damina.

Washegarin kwanan da na yi a waje, da na je kwashe albasar, na tarar Malam ya fara ɗaure kaya. Na yi sallama mai kyau daga waje, na jira har aka ce in shigo. Na ajiye makullin a tafin hannunsa, na ce:

"Malam, kwance kayanka. Na shiga haƙƙinka, na shiga na iyalinka. Ka yahe min, ka roƙa min gahwara wurin uwargida, don ni kunyar kallonta nika ji."