Zoben Rana Don Baba Sani

Bodinga

Ana sallame sallar asuba na rataya jaka na nufi tasha. Kyamarar da ke ciki ta Baba Sani ce, wanda ya koya mini ɗaukar hoto, yanzu kuwa yanar ido ta zaunar da shi gida. Rediyo ta ce za a yi husufin rana da hantsi, amma a wajenmu ba za ta rufe duka ba, sai an nausa wajen Anka. Shi ya matsa in je in kawo masa, tun idonsa ɗaya yana ɗan gani. Da lalube ya ɗaure mini gilashin walda a bakin kyamarar da roba.

"In duhu ya hwaɗi, ka hidda gilashin," in ji shi. "In ka bar shi, baƙi za ka kawo min. Shi kau ina da shi gida."

Shagari da Kajiji

A Shagari direba ya kashe mota wai sai ta cika. Na sha shayi a tsaye, ido yana sama, raina yana tafasa. A Kajiji na sauya wata mai buhunan albasa da ta nufi Gummi. Wani ɗan sanda a shinge ya juya kyamarar, ya tambaye ni wa zan ɗauka da baƙin gilashi. Na ce rana. Ya yi dariya ya ce to in gaishe ta.

Hanyar Anka

Mun wuce Gummi da nisa sai haske ya fara kodewa, iska ta yi sanyi. Fasinjoji suka ce lallai a tsaya a yi salla. Muka tsaya kusa da wata ruga, shanu sun juya sun nufi garke tsakar hantsi. Na durƙusa na ɗauki ranar tana raguwa kamar lauje.

Sai duhu ya faɗo gaba ɗaya. Kabbara ta tashi ta ko'ina. Na ɗaga kai na ga baƙin faifai da farin zobe kewaye da shi. Na san dai na yi ta dannawa ina murɗa fim. Da haske ya dawo, sai ga gilashin a ƙasa kusa da ƙafata. Kafin in danna na cire shi, ko bayan na gama? Wallahi ban sani ba. Na tambayi direba, ya ce shi yana sujada.

Na kwana a Shagari gidan ƙanwata. Ta yi mini tuwon gero da miyar kuka, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Sakkwato

Washegari na kai fim gidan wankin hoto. Da aka miƙo ambulan na zazzage: shanu, direba, laujen rana. Zobe babu.

"Sauran babu komi cikinsu," in ji mai wankin. "Ba mu buga wanda ya ƙone."

Na karɓi fim ɗin na ɗaga shi a bakin taga. Can ƙarshe gidajen hoto huɗu fayau suke kamar ruwa, domin a fim abin da yake baƙi fari yake fitowa. Uku babu komai. A na huɗu na hangi ɗan da'ira mai duhu, bai kai ƙwayar dawa ba. Na ce a buga shi, a faɗaɗa iyakar faɗaɗawa. Ya yi ta gunaguni wai ɓarnar takarda ce, amma ya buga.

Bodinga

Na tarar da Baba Sani a zaure. Ya sa na kai shi bakin ƙofa, ya kawo hoton dab da hancinsa, ya karkata kai wajen idon da ya rage. Ya yi ta dubawa, har na fara tsoron ko na makara, idon ya riga ya rufe. Sannan yatsansa ya sauka daidai kan zoben, ya bi shi ya zagayo.

"Ashe ka hidda shi," in ji shi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na kuma gode wa fasinjojin da suka tilasta a tsaya.