Hajjo Mai Akurki: Sai An Tambayi Mai Ɗaki

Da hantsi, idan yara sun watse zuwa makaranta, Inna Hajjo take fitowa daga lungunsu na Ƙofar Kware, kwano a ka, 'yar fartanya a hannu. A cikin kwanon babu komai sai tsumma, da guntun ƙwarya da take shafe laka da shi, da ɓarin goro. Da waɗannan kayan ta yi shekara da shekaru tana shiga gidajen mata tana gina wa kaji ɗaki. Daga Ƙofar Kware har Unguwarmu ta Rogo, idan aka ce Hajjo mai akurki, babu mai tambayar wace ce.

Ba ta sa kowa sayen komai. Tsohuwar randa da ta tsage, lakar katangar da damina ta zubar, karan dawa, ragowar ragar taga, duk a wurinta kayan gini ne. Amma ba wannan ne ya ɗaure mini kai ba. Abin da na daɗe ina son sani shi ne, me ya sa ba ta taɓa gini a ranar da aka kira ta? Za ta shigo, a gaisa, ta nemi tabarma ta zauna, ta yi ta kallon tsakar gida har la'asar, sannan ta ɗauki kwanonta ta ce sai gobe. Na taɓa zaton wayon tsofaffi ne na cin tuwon rana sau biyu, Allah ya yafe mini.

Idan matar gida ta gaji ta nuna mata kusurwa ta ce ga inda take so, Hajjo takan girgiza kai.

"Ban tambayi mai ɗaki ba tukuna."

"To ai ni ta mai ɗaki, Inna."

"Ke ka kwana ciki?"

Nan magana take ƙarewa da dariya. Mai ɗaki a bakin kowa matar gida ce, a bakin Hajjo kuwa kaza ce. Sadiyatu, wata ƙawata a Ƙofar Atiku, ta ba ni labarin yadda ta dage sai ƙofar akurkinta ta kalli gabas don albarkar alƙibla. Hajjo ta ce mata, "Ɗiyata, kaza ba ta salla, amma hadari daga gabas shika tasowa." Aka juya ƙofar kudu, kuma Sadiyatu ta ce duk daminar ruwa bai taɓa feso mata 'yan tsaki ba.

Ban gane zurfin abin ba sai a gidan maƙwabciyata Balaraba. Ranar da aka kawo Balaraba birni a amarya, mahaifiyarta ta haɗo ta da budurwar kaza daga ƙauyensu, irin durgun nan mai gajerun ƙafafu, wadda cikinta ke kusan jan ƙasa. Kakarta ce ta fara kiwon irin. Kajin suka yi ta hayayyafa a gidan, har bara da mahaifiyar Balaraba ta rasu, kuma bayan rasuwar ciwo ya shigo unguwa ya share su, ya bar guda ɗaya. Ita ma ta fara manyanta. Idan ta mutu ba ta bar baya ba, abin da uwar Balaraba ta sa mata a hannu ya ƙare ke nan.

Ɗanta Siddiƙu, da ya ga damuwar uwarsa, sai ya je wurin masu walda ya sa aka ƙera keji na ƙarfe, da rufin kwano da dogayen ƙafafu saboda muzuru. Kyakkyawa ne, ni ma na yi sha'awarsa. Amma kazar ta ce ba da ita ba. Ba ta iya hawa, idan kuma aka ɗaga ta aka sa, rana na yin tsaka sai ta buɗe baki tana haki, don kwano a bazarar Sakkwato tanda ne. Ta yi ƙwai a ciki ta ƙi kwanci. Ta koma bayan murhu ta ƙyanƙyashe a fili, shaho ya yi ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Na sami Balaraba ranar da aka ɗauke na ƙarshe tana kuka, ba don tsakon ba, don uwarta.

Ni na ce a kira Hajjo, kuma ba zan ɓoye ba, har da son ganin ƙwaƙwaf. Na shimfiɗa tabarma kusa da tata na ce yau sai na ga yadda ake tambayar kaza.

Ashe babu wani siddabaru. Hajjo ta hana a watsa wa kazar tsaba, ta hana a kore ta, ta ce kowa ya ci gaba da aikinsa. Kazar ta yi tonon safe a gindin zogale. Da rana ta take, sai ta taka a hankali ta wuce kejin ƙarfe ko kallo babu, ta wuce rumfa mai inuwa inda ni da zan zaɓa, ta kutsa tsakanin katanga da randar ruwan sha. Can ta tona ƙasa mai laima ta kwanta, ta lumshe ido.

"Kin jiya?" in ji Hajjo. "Tac ce nan."

Na ce, "Inna, wa ya koya miki wannan?"

"Ƙadangaru. Akurkin da nih hwara ginawa ina budurwa, har zane niy yi mishi. Kaza ta leƙa, taj juya. Ƙadangaru sunka gaje shi, suna ɗaga mini kai kullum suna godiya."

Washegari ta zo da wuri. Ta sa aka mirgino tsohuwar randa da aka jingine a bayan ɗaki tun da ta tsage, ta kwantar da ita a gefe ɗaya dab da inda kazar ta zaɓa, ta ɗan nutsa ta a ƙasa yadda bakin ya yi daidai da dabe. Babu dokin ƙofa, don durgu da 'ya'yanta ba sa tsallake. Ta huda 'yan ramukan iska ta sama, ta lulluɓe randar da laka mai kauri, ta zuba toka da yashi a ciki. Kejin Siddiƙu ma ba ta bar shi ya tafi a banza ba. Ta ce masa, "Ƙarhenka na da kyau, ƙahwahu na sunka yi mishi yawa." Ya kai aka yanke su, aka kifa shi a bakin randar ya zama farfajiyar da shaho zai gani ya haƙura.

Kazar ta shiga randar, ta yi ƙwai, ta kwanta a kai. Da kwanakin kwanci suka cika, Balaraba ta leƙo ta kan katanga tana kirana. Na tarar da 'yan tsaki sun fito suna birgima a toka, kowanne da gajerun ƙafafunsa, kamar an ɗora auduga a ƙasa. Balaraba ta durƙusa tana kallonsu, ta ce, "Ga ƙahwahun kajin innata." Ni ma sai da na share ido.

Inna Hajjo, ke ce kika zauna a ƙasa kika saurari wadda ba ta da baki. Ke ce maginiyar da ba ta da allo a bakin titi, amma aikinki na nan a bayan randunan gidaje da ba ki ma tuna sunayen masu su. Mai laka a hannu, mai sanyi a zuciya. Ƙwan da yaro ya ci da safe da kazar da aka yanka wa mai jego, da yawa daga ɗakunanki suka fito, ba wanda ya ambace ki.

Bana gwiwoyi sun ce ya isa. Hajjo ta ajiye kwano, tana zaune a ƙofar ɗakinta, mai son shawara ya je ya same ta. Ina roƙon matan unguwa su je, su zauna, su koya tun tana da ƙarfin magana. Maginan da ke gina wa mutane ma, da za su ari halinta su tambayi mai kwana ciki, da an rage gudun zafin ɗaki ana kwana a tsakar gida.

Kwanan baya Balaraba ta ɗauki budurwa ɗaya daga cikin 'yan durgun ta kai wa 'yarta Khairiyya a gidan aurenta, na raka ta. Khairiyya ta yi murna, ta nuna wata kusurwa mai kyau kusa da famfo ta ce nan za a yi mata akurki. Balaraba ta saki kazar a tsakar gida, ta jawo tabarma ta zauna.

"Zamna, ɗiyata," ta ce. "Ba mu tambayi mai ɗaki ba tukuna."

Mun gode, Inna Hajjo. Allah ya ba ki sauƙin gwiwa, ya gina miki naki ɗakin a inda ranki zai so.